Hakin Da Muke Kira Tsufa: Jawabin Sakataren Gidauniya A Taron Shekara



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a wannan zama muna masu rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Wakilan kwamitocin masallatai da suka taso daga Ikara da Maƙarfi da Kudan. 'Yan'uwa masu bayarwa maza da mata, barkanku da zuwa.

Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana cikin shafukan rahoton da ke hannunku, ma'aji kuma zai bi shi tare da ku dalla-dalla. Abin da kwamitin amintattu ya ɗora mini shi ne in yi bayanin shawarar da yake neman amincewarku a kanta, wato a ware wani kaso na aikin shekara mai zuwa domin masu fama da cutar huhu mai daɗewa. Tun kafin a zauna wasu sun tambaye ni me ya haɗa gidauniyar zakka da huhun tsofaffi, alhali ga marayu, ga zawarawa, ga masu neman jari. Tambaya ce mai kyau, kuma hakkinku ne a amsa muku ita, domin dukiyarku ce. Ni ɗalibin ilmin addini ne. Abin da zan faɗa na likitanci daga masu fannin na ɗauko shi, na fiƙihu kuwa ga malamaina nan zaune.

Duk wanda ya daɗe yana salla a masallacin unguwa ya san mutumin da nake nufi. Dattijo ne da a da shi ke riga ladan isowa, yanzu sai ya tsaya sau biyu ko uku tsakanin ƙofar gidansa da masallaci, ya dafa bango yana haki. Da asuba tarinsa ne ke gaya wa maƙwabta ya tashi, tari mai kaki wanda ba ya ƙarewa. A cikin gida akwai takwararsa da ba mu gani, tsohuwar da ta daina iya shara, take barci a jingine don kwanciya na shaƙe ta, ƙafafunta kuma sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mukan ce tsufa ne, ko sanyi ne ya shige ta. Wani lokaci a ce sammu ne, a shiga zargin kishiya ko abokin gaba. A wurin da yawa daga cikinsu abin cuta ce mai suna, wadda likitoci ke taƙaita wa da COPD, ma'anarta toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa.

Hanyar iska a ƙirjin ɗan Adam kamar bishiya take da aka kifar, gindi a maƙogwaro, rassa suna ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa, har su ƙare a 'yan jakunkuna ƙanana waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. A bangon waɗannan jakunkuna ne iska ke haɗuwa da jini. Idan mutum ya shekara ashirin ko talatin yana shaƙar hayaƙi, rassan nan sukan kumbura su tsuke, majina ta cika su, bangon jakunkunan kuma ya yayyage. Iska takan shiga, fitarta ce ke zama aiki. Ba asma ba ce, domin asma takan taso ta lafa mutum ya koma garau. Ba kuma tarin fuka ba ce, domin shi ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuma warkewa da maganin wata shida da gwamnati ke bayarwa kyauta, ko da yake tabon da yake bari a huhu kan jawo wannan cuta daga baya. Ina roƙon limamai su riƙe wannan: ba a ɗaukarta daga mai ita. Babu dalilin ware wa tsoho kwanonsa ko matsawa daga gare shi a sahu, muddin an gwada kakinsa an tabbatar ba tarin fuka ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3.5, ita ce ta huɗu cikin abubuwan da suka fi kisa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda take kashewa kafin su kai shekara 70 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. A Nijeriya, wani bincike da aka yi a Ile-Ife da na'urar auna numfashi, aka buga a 2016, ya sami toshewar a jikin kashi 7.7 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40. A karkarar Masindi ta ƙasar Yuganda, inda kusan kowa da itace yake girki, binciken da aka buga a 2015 ya sami kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 30 zuwa sama. Rayuwar ƙauyukanmu ta fi kama da ta Masindi.

A ƙasashen Turawa taba ce uwar cutar, ita ke da alhakin fiye da kashi 70 cikin 100. A irin ƙasashenmu rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. Wannan ya sa ba na son a mayar da maganar wa'azin 'yan sigari kawai, ko da yake taba da shisha suna da nasu laifin, kuma dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, dokar da kowa ya san yadda ake bin ta a teburan mai shayi. Iyayenmu mata ba su taɓa kai sigari baki ba. Hayaƙinsu na murhu ne: ɗanyen itace, karan dawa, totuwar masara, kashin shanu, a madafi marar taga, sau uku a yini tun suna 'yan mata. Yanzu an ƙara da ledar da ake hura wuta da ita. Ga mai tuyar ƙosai da awara, ga mai ƙuli-ƙuli, ga mai turara shinkafa, ga mai daddawa da ke kwana tana iza wuta. A ɓangaren maza, ku dubi masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi da Kudan, yadda suke wuni a bakin tukwane lokacin rake, da masu casa da shiƙa a cikin ƙura bayan kaka. Sannan hunturu ya zo da hazonsa, a rufe ƙofa da taga a ajiye kaskon garwashi a tsakar ɗaki.

To, yanzu na iso inda nake so ku ba ni hankalinku, domin shi ne dalilin da ya sa kwamiti ya ga abin ya kai a kawo gabanku. Cutar sunanta na huhu ne, amma ɓarnarta ba ta tsaya a huhu ba. Tana bin jijiyoyin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Da aka rarraba su, kashi 32 cikin 100 toshewar jijiyoyin zuciya ce ta kashe su, kashi 23 shanyewar ɓarin jiki, kashi 19 ne kawai wannan cutar huhu. Wato hayaƙin murhu ya fi kisa ta hanyar jijiya a kan ta hanyar ƙirji. Ko a cikin masu cutar huhun kansu haka abin yake nunawa. Wani babban bincike mai suna TORCH, wanda ya bi majiyyata fiye da dubu shida tsawon shekara uku aka buga shi a 2007, ya tantance sanadin mutuwar waɗanda suka rasu: kimanin kashi 35 cikin 100 numfashi ne, kashi 27 zuciya da jijiyoyi, kashi 21 ciwon daji. Mutum ɗaya cikin kowane huɗu, ana ta kallon tarinsa, jijiya ce ta yi ajalinsa.

Manoman rani da ke cikinmu za su fi kowa saurin fahimtar yadda abin ke faruwa. Zuciya injin ban-ruwa ce, jijiyoyi su ne tiyo da magudanai. Kowace jijiya tana da shimfiɗa siririya a cikinta, mai santsi, wadda kaurinta bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. An daɗe ana ɗaukarta kamar shafen siminti kawai, sai a 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya gano cewa ita ce ke ba jijiya umarnin ta saki jiki ta buɗe. Daga baya aka gane saƙon da take aikawa wata iska ce mai suna naitirik oksaid, kuma a kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1998 tare da Louis Ignarro da Ferid Murad. Shimfiɗar nan ita ke hana jini daskarewa inda bai kamata ba, ita ke hana kitse maƙalewa a bango. Hayaƙi yana lalata ta. Ƙananan ɓurɓushinsa suna tayar da kumburi a huhu, kumburin ya bazu cikin jini, shimfiɗar ta rasa santsinta. Jijiya ta sandare kamar tiyon da ya sha rana, hawan jini ya samu wurin zama, kitse ya taru, wata rana gudan jini ya toshe hanyar. In a zuciya ya toshe, shi ne mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye. In a ƙafa ne hanyar ta tsuke, sai ka ji dattijo yana kukan ciwon sha-raɓa idan ya yi tafiya, ya tsaya ya huta ciwon ya tafi, mu kuma mu ce sanyin ƙashi ne.

Akwai kuma jijiyoyin cikin huhun kansu, kuma a nan ne labarin kumburin ƙafa yake. Allah ya halicci jijiyoyin huhu da wata ɗabi'a: duk sashen da iska ba ta isa, sai su tsuke su karkatar da jini zuwa inda iska take, kamar manomin da ke toshe kwamin da ba shuka ya tura ruwa inda ake bukata. Hikima ce idan sashe ɗaya ne ya samu matsala. Amma idan huhun gaba ɗaya ba ya samun isasshiyar iska, sai duk jijiyoyin su tsuke tare, shekara da shekaru. Ɓangaren dama na zuciya, wanda aikinsa tura jini cikin huhu, ba a yi shi da ƙarfin tura ruwa a tsukakken bututu ba. Ya yi ta fama, ya yi kauri, daga ƙarshe ya gaji. Jini ya taru a baya, jijiyoyin wuya su fito, hanta ta kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, ƙafafu su cika. Jiki kuma, da ya ji ƙarancin oksijin, yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, jinin ya yi kauri, aikin injin ya ƙara nauyi.

Ba kowane kumburin ƙafa ne daga huhu ba. Ƙoda na kawo shi, hanta na kawo shi. A nan Zariya ma, a shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun rubuta a kan gazawar zuciya da ke kama masu jego, suka danganta yawanta da wankan ruwan zafi da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shi ya sa rarrabewa aikin asibiti ne, ba na mai kemis ba. Ina ambaton kemis ne don abin da ke faruwa kullum: mai haki ya je a yi masa haɗi, a sa masa maganin ciwon jiki irin su diklofenak wanda ke riƙe ruwa yana ɗaga hawan jini, a sa masa dekisa wadda ke ba shi sauƙin kwana biyu, in ya daɗe a kanta ta jawo masa hawan jini da ciwon suga. Jijiyar da hayaƙi ya raunana, haɗin ya ƙarasa ta.

Wani abu da ya kamata kowane mai jinya ya sani: cutar takan tashi lokaci-lokaci, musamman da hunturu ko bayan mura, haki ya tsananta, kaki ya canza launi. Wani bincike da aka yi da bayanan majiyyata a Ingila, aka buga a 2010, ya nuna cewa a kwana biyar na farko bayan irin wannan tashi haɗarin toshewar jijiyar zuciya yakan ninka fiye da sau biyu, na shanyewar jiki ma yakan ƙaru har tsawon makonni. Daidai lokacin ke nan da iyali ke sakin jiki ana barka da arziki. In a kwanakin nan ya yi kukan nauyi a ƙirji da gumi, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko leɓe ya yi duhu yana ta gyangyaɗi, ba a jiran gari ya waye.

Masu ganin wannan zance baƙo ne a zauren malamai, ina tuna musu da Ibnun Nafis. Malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i, likita kuma, ya yi karatu a asibitin Nuri na Dimashƙa, ya koma Alƙahira. Wajen shekarar 1242, a sharhin da ya yi wa sashen halittar jiki na littafin Ibnu Sina, ya saɓa wa abin da likitoci suka gada tun daga Jalinus, ya ce babu wata kafa tsakanin ɓangarorin zuciya biyu, dole jini ya bar ɓangaren dama ya ratsa huhu ya haɗu da iska sannan ya dawo na hagu. Wannan ita ce hanyar da na gama bayanin toshewarta, kuma ya rubuta ta kusan shekara ɗari uku kafin Turawa. Asibitin da ya fara karatu a ciki, wanda Nuruddin Zanki ya gina a 1154, wakafi ne. Babban asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, shi ma wakafi ne, da kadarorin da aka tsayar don ciyar da shi. Da Ibnun Nafis zai rasu a 1288, gidansa da littattafansa ya bar wa wannan asibiti. Jinyar marasa lafiya da dukiyar wakafi tsohuwar sana'ar Musulmi ce.

Ba a warkewa daga cutar, huhun da ya yage ba ya komawa. Na san wannan ne ke sa wasu masu bayarwa ja da baya, su ce gara a kashe kuɗin inda za a ga waraka. Amma ana rage saurinta, ana kuma kare jijiyoyin, kuma yawancin abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A san cutar da sunanta tukuna. Na'urar auna ƙarfin numfashi, wadda mutum ke hurawa da iyakar ƙarfinsa, tun 1846 wani likitan Ingila John Hutchinson ya fito da ita, yau kuma akwai wadda ba ta fi tafin hannu ba. In iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da zai iya fitarwa ba, ko bayan ya shaƙi magani, toshewar ta tabbata. Bai kamata tsohuwa daga Paki ko Gubuchi ko Likoro ta tafi har Shika don wannan gwajin na 'yan mintoci ba. Sai maganin shaƙa na kullum, da awon hawan jini da shan maganinsa ba fashi, da rage gishiri da kanwa, da barin taba. Sai tafiya. Kuskuren da 'ya'ya ke yi don tausayi shi ne su ce Baba ya zauna ya huta. Zaman ne ke narkar da naman ƙafa ya ƙara haki. Tafiyar nan zuwa masallaci, a hankali, yana tsayawa yana fitar da iska ta tsukakken leɓe, tana daga cikin maganinsa.

Game da hayaƙi, ina so in faɗi gaskiyar abin da aka gwada, don kada a sayar mana da kaya. A Ibadan an yi gwaji da mata masu ciki fiye da ɗari uku, aka ba wasu murhun itanol wasu suka ci gaba da itace ko kananzir. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna hawan jinin masu murhun itanol ya fi sauka. A Gwatamala murhu mai bututun fitar da hayaƙi ya rage hawan jinin mata. A kudancin Sin an bi mutane shekara tara, aka ga gyaran iskar madafi da sauya makamashi sun rage saurin lalacewar huhu. Amma a Malawi an raba ingantattun murhu a ƙauyuka da yawa, ba a ga raguwar ciwon haƙarƙarin yara ba, domin murhun na lalacewa, hayaƙi kuma na zuwa ta wasu hanyoyi. Ra'ayina, kada gidauniya ta sayi murhu mota guda ta raba a ɗauki hoto. Fasa taga a madafi, ɗaga rufi, girki a rumfa, busar da itace, raba wuta da leda, fitar da garwashi kafin barci: wannan aikin magini ne da huɗubar liman, kuma ya fi dorewa.

Saura maganar da ta fi shafar wannan zama: wace dukiya za ta yi wane aiki.

Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya mallaka wa mai hakki ake yi, ba a gina gini ko a sayi kayan jama'a da ita. Saboda haka kwamiti bai nemi a sayi na'ura ko ɗaya da kuɗin zakka ba. Abin da ya nema shi ne a gane cewa mai wannan cuta, in ba shi da abin da zai ishe shi, fakiri ne kamar kowane fakiri, magani kuma yana cikin bukatunsa kamar hatsi. Manomin da haki ya raba da fartanya, da mai ƙosan da ba ta iya zama bakin kasko, cutar ta cinye sana'ar da za su sayi maganin da ita. Wanda ya ci bashi ya yi jinyar mahaifiyarsa a Shika ya kasa biya, yana cikin mabarta da ayar ta ambata. Bambancin kawai shi ne bukatarsu ba ta rana ɗaya ba ce. Maganin shaƙa yakan ƙare duk wata. Muna neman a amince a riƙa ba irin waɗannan rabonsu da sanin haka, a haɗa su da ma'aikacin lafiya mai bibiya, a kuma duba yiwuwar su yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, da abin da aka ba su.

Kayan aiki kuwa na wakafi ne. Alhamdu lillahi mazhabarmu ta yalwata wannan ƙofa: ta halatta wakafin abin da ake ɗauka, ba sai ƙasa ko gini ba, ta kuma halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci. Mutum na iya tsayar da na'urar awon jini ɗaya, ko 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, ko ya ba da amfanin gonarsa na shekara biyar. Shawarar ita ce a tsayar da na'urar auna numfashi a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, bisa rubutacciyar yarjejeniya da hukumar asibiti, a kuma nemi haɗin kan makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi wajen horar da masu riƙe ta. Wanda ake zargin tarin fuka a fara gwada kakinsa, mai wuya a tura shi cibiyar Saye ko Shika.

Injin tace oksijin shi ne mai tsada, shi ne kuma na san masu bayarwa za su fi so, don ana ganinsa. Amfaninsa tabbatacce ne: gwaje-gwaje biyu, na Amurka a 1980 da na Ingila a 1981, sun nuna yana ƙara tsawon rai ga waɗanda oksijin ɗin jininsu ya yi ƙasa ƙwarai, da sharaɗin a sha shi aƙalla awa 15 a kowace rana. Ku auna awa 15 da wutar lantarkin garuruwanmu. Injin da ba sola da batir a bayansa kayan ado ne. Ba kuma kowane mai haki ne yake bukatarsa ba. Ga masu wannan cuta likitoci kan tsayar da awon tsakanin 88 da 92, wuce haka na iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini mutum ya suma. Ita ma na'urar yatsa, bincike a Amurka a 2020 ya nuna takan nuna lamba sama da gaskiya a jikin masu baƙar fata, don haka ba a dogara da ita kaɗai. Injin ya zauna a hannun ma'aikatan asibiti, nesa da wuta. Kada a saya sai an san inda kuɗin gyaransa zai riƙa fitowa, shi ya sa muke neman wakafin gona ko shago tare da shi.

A nan ina da magana da manoman rake da tumatir da barkono, waɗanda Allah ya yi wa buɗi a wannan yanki. A mazhabar Malik babu zakkar amfanin gona a kan waɗannan. Tana kan hatsi da danginsa idan sun kai wusƙi biyar, ɗaya bisa goma ga na damina, ɗaya bisa ashirin ga na ban-ruwa da wahala. Imam Abu Hanifa ya wajabta ta a kan rake da kayan lambu, amma ba a kansa muke ba. Kuɗin da aka sayar, in ya kai nisabi ya shekara, sai a fitar masa da zakkar kuɗi. Sau da yawa kuwa ba ya shekara, ya koma taki da iri da aure. Sakamakon haka, mai buhunan dawa kaɗan yana fitarwa, mai lodin rake mota-mota a kasuwar Maƙarfi ba abin da ya hau kansa. Ba na cewa ya yi laifi, hukunci ne. Amma ƙofar wakafi a buɗe take gare shi, kuma masu wuni a hayaƙin mazarƙwaila daga rakensa suke ci.

Kwamitocin masallatai, naku aikin ba ya bukatar kuɗin gidauniya. A matsar da janareta daga jikin taga da ƙofa. A rage turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a rufaffen masallaci, musamman daren tahajjud. A turara kafin mutane su shigo, a buɗe tagogi. A yayyafa ruwa kafin shara, a kakkaɓe darduma a waje. A ajiye kujera ko benci a gefen sahu, liman kuma ya faɗa a fili cewa wanda tsayuwa ke shaƙewa ya yi salla a zaune, don dattawanmu kunya ke hana su. Kafin azumi a yi musu bayanin rangwamen marar lafiya. Maganin shaƙa da rana malamai sun yi saɓani a kansa. Shaihu Ibnu Baz da Shaihu Ibnu Usaimin suna ganin ba ya karya azumi, wasu suna ganin yana karyawa. Kowane ɗaya liman ya rinjayar, kada a bar mutum ya ajiye maganin numfashi ko na hawan jini wata guda ba tare da ya ga likita ba. Mata kuma ba sa jin sanarwar masallaci. Sai an bi ta makarantun Islamiyya na matan aure da masu wa'azi mata, alhali su ne suka fi shan hayaƙin.

Takardar da za a raba bayan sallar Azahar tana da gurbi biyu, na zakka daban na wakafi daban, kuma ba za a gauraya asusunsu ba. Kowane kwamitin masallaci muna roƙon ya kawo wa ofishin gidauniya, kafin hunturu ya kama, sunayen waɗanda ya sani masu tarin da ya wuce wata uku ko hakin da ya hana su sana'a, maza da mata, bayan an nemi izininsu, a rufaffiyar ambulan. Mai son tsayar da gona ko shago ya ga ma'aji da shaidu biyu, a rubuta sharuɗɗansa yadda yake so.